Ya halatta mu yi addu'a tare da waɗanda ba 'yan ikilisiyarmu ba?

Wata uwa daga Kafanchan: 'Yan'uwa cikin Almasihu, ni 'yar ikilisiyar ECWA ce, maƙwabciyata kuwa 'yar Katolika. Tun da mijinta ya kwanta rashin lafiya muke durƙusawa tare a tsakar gidanta kowace asuba, tana riƙe da carbinta, ni da Littafi Mai Tsarki. Wata a zumuntar mata ta ce ban kyauta ba. Shin na yi kuskure?

Dattijo daga Jos: 'Yata, ba ki yi kuskure ba. A Yohanna 17:21 Ubangiji da kansa ya roƙa domin masu binsa su zama ɗaya. Iyayenmu sun gane haka, shi ya sa ikilisiyoyin COCIN, EYN, LCCN da HEKAN suke zaune a inuwar TEKAN, wato Tarayyar Ikilisiyoyin Kristi a Nijeriya, aka kuma kafa CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, a 1976, da Katolika a cikinta.

Katikis daga Yola: Mama, na goyi bayan Baba, sai dai a san iyaka, domin bambancin koyarwa gaskiya ne. Mu Katolika ba mu cika haɗa Jibin Ubangiji da sauran ikilisiyoyi ba, amma addu'a ƙofarta a buɗe take, har ma akwai mako guda, 18 zuwa 25 ga Janairu, da aka keɓe domin roƙon haɗin kan Kirista.

Wata uwa daga Kafanchan: Na gode ƙwarai. Gobe da asuba zan koma, ku kuma sa mijinta cikin addu'a.