Maigidana yana kan allurar asibiti amma ya ƙi ajiye babur, ya zan yi?

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Muna wani ƙauye ne a gefen Dambatta. Maigidana ɗan acaɓa ne, babur ɗin kuma ba nasa ba ne, na wani Alhaji ne da yake kai wa balas kullum da yamma. Lalurar ƙwaƙwalwa ta same shi ne bayan rasuwar mahaifinsa, ya daina barci, yana surutai, yana cewa ana bin sa. Surukata ta ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, har tunkiyar da na zo da ita daga gidanmu aka sayar, kuma har yau ba wanda ya ce min sannu. Da ƙyar yayana ya sa baki aka kai shi asibiti a Kano. Ba a kwantar da shi ba, an sa shi a allurar wata-wata da ƙwayoyi, kuma Alhamdulillahi ya samu sauƙi.

To ranar asibiti da kansa yake tuƙawa ya je ya dawo. Wancan watan ya shigo min da gwiwa a ƙuje, madubi a karye, wai barci ne ya fizge shi, sai ganin kansa ya yi a gonar gero. Da safe ma idanunsa a lumshe yake fita. Ran Lahadi kuwa, ranar kasuwa, ba ya dawowa sai dare. Na yi magana ya ce in ya zauna wa zai ciyar da mu? Talata mai zuwa zai koma asibiti.

Direban Daura: Baiwar Allah, ɓoye makullin nan yau ɗin nan. Na tsufa a hanyar Kano zuwa Daura, na san abin da gyangyaɗi yake yi. Wannan karon gona ce, gobe tirela ce. Mai shan maganin ƙwaƙwalwa shi da tuƙi har abada, ya nemi wata sana'ar.

Maman Amira: Ke dai kin ji daɗi naki yana yarda ya je asibiti. Nawa ƙanen sai an ɗaure shi, dangin babanmu kuma ko sisi ba sa bayarwa, amma su ne kan gaba wajen cewa mun yi sakaci. Allah ya ba mu mafita.

Ɗan Kasuwa: Ya riƙa tsallake ƙwayar ranar kasuwa da ranar tafiya mana. Ya sha shayi mai kauri, ya ci goro, zai wartsake.

Anti Nas: Don Allah kar a tsallake magani, haka ciwon yake dawowa. 'Yar'uwa, allurar wata-wata a hankali take narkewa a jiki, tana yin makonni, don haka nauyin ido ba na ranar asibiti kaɗai ba ne. Da yawa cikin magungunan nan, irin su Largactil, suna sa barci da jiri idan mutum ya miƙe tsaye da sauri. Artane da ake haɗa wa wasu saboda sandarewar jiki shi kuma yana sa gani dishi-dishi da bushewar baki. An fi jin wannan a farkon fara magani ko bayan an ƙara shi. Shayi da goro ba sa mayar da saurin taka birki. Kar ya haɗa da Piriton, maganin tari ko tiramol, barcin ƙaruwa zai yi. Wane magani yake sha? Likita ya san acaɓa yake yi?

Mai tambaya: Anti, ban san sunan ba, a 'yar leda ake ba shi, akwai fara akwai mai ruwan ɗorawa. Ba na jin ya faɗa wa likita, tsoro yake kar a hana shi aiki. Baba Direba, ni mace ya zan ɓoye wa miji makulli? Surukata gida ɗaya muke, cewa za ta yi na mallake shi.

Direban Daura: To ki zaɓa, maganar suruka ko takaba. Kuma ran fasinjan da yake goyawa fa? Ki je ki faɗa wa mai babur ɗin gaskiya.

Mai tambaya: In Alhaji ya ji ƙwace babur ɗin zai yi, gari kuma ya ɗauka. Wa zai ƙara hawa bayansa? Yara uku gare mu.

Anti Nas: Baba, barin tuƙin ba har abada ba ne. Akwai masu komawa tuƙi bayan jiki ya saba kuma likita ya amince. Amma wanda barci ya riga ya kayar, ya dakata tukuna. Ran Talata wani ya raka shi a mota, ya shiga da shi wurin likita, a faɗi faɗuwar nan. Likita na iya mayar da ƙwayar ta dare, ko ya rage, ko ya canja. Shi kaɗai ke da hurumin yin haka.

Baban Sadiq: Ai akwai asibitin masu wannan lalurar a Kazaure, ya fi muku kusa nesa ba kusa ba. Ku nemi a mayar da shi can. In kuwa Kano ce dole, ƙanensa ya goya shi zuwa tashar Dambatta su hau mota, don tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni.

Mai tambaya: Kazaure dangin uwarsa ne cike, ba zai yarda a gan shi a layi ba. Kuɗin motar mutum biyu kuma zuwa da dawowa, ga Adaidaita, ga kuɗin allura, ga balas ɗin ranar, daga ina? Ƙanen nasa yana Legas ci-rani.

Maman Amira: Wallahi kuɗin motar nan shi ya sa muka daina kai namu.

Direban Daura: Kuɗin mota ya kai kuɗin mai ɗori? Ki zo da shi tasha da sassafe, ki tambayi shugaban layi, ba a rasa mai ragi. Amma babur dai a ajiye.

Ɗan Kasuwa: Ku da kuke cewa a ajiye, ku za ku biya balas ɗin?

Anti Nas: 'Yar'uwa, ki duba katinsa na asibiti ki rubuto min abin da ke jiki. Yayanki da ya kai shi da farko ba zai iya raka shi ba?

Mai tambaya: Ba sa ga-maciji yanzu, tun maganar tunkiyar nan. Katin kuma a aljihunsa yake yawo da shi. Zan gwada in ya yi barci.