Sabon injin yankan katako: yaya zan fara da shi, wane haɗin mai zan ba shi?

Mai Sabon Inji: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na ɗauko Stihl MS 382 daga Kano, ko fetur bai sha ba. Kuɗin riɗina na bana kaf a kansa suka ƙare, shi ya sa nake tsoron taɓa shi. Wani ya ce in kunna in bar shi a sulo shi kaɗai har tanki ya ƙare, wani ya ce in ninka man da ake haɗa masa da fetur. Wanne zan ɗauka?

Bakanike Birnin Kudu: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Duka biyun ajiye su. Abin da takardar kamfanin ta ce shi ne, a tanki uku na farko kada ka ba shi totur har ƙarshe alhali ba ya cin itace. Yanka kuwa ka yi abinka. Zoben fistin sai da nauyin aiki yake zama daidai, kuma injin ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya sha tanki 5 zuwa 15.

Mai Sabon Inji: To haɗin fa, Oga?

Bakanike Birnin Kudu: 50 da 1. Lita ɗaya ta fetur, mil 20 na man haɗi. Galan mai lita 4, mil 80. Lita 5, mil 100. Ka sayi babban sirinji a kemis, ka daina awo da ido. Fara zuba man a jarka, ka bi shi da fetur kaɗan, ka girgiza, sannan ka cika.

Baba Mai Katako: Yaro, ni tun kafin a haife ka nake riƙe da tsohon injin nan Stihl 070, kuma 25 da 1 muka tashi muka ga ana yi. Inji bai taɓa mutuwa don mai ya yi masa yawa ba.

Bakanike Birnin Kudu: Allah ya ƙara girma, Baba, ba ƙarya kuka faɗa ba. Tsofaffin takardun Stihl sun ce in ba man kamfanin aka samu ba a yi 25 da 1. Amma in man kirki ne na yanzu aka ninka shi, sai hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa ta cushe da kunkunniya. Irinsu nake kwancewa duk sati.

Baba Mai Katako: To ai magana ta dawo kan samun man kirkin. Rabin robobin da ke kasuwa sunan ne kawai a jiki.

Ɗan Ringim: Nan Baba ya taɓo inda yake mini ciwo. Bara ina yanka turare a wata gona, man haɗi ya ƙare, na aika yaro bakin titi ya sayo baƙin man babur, na ce ai duk mai ne. Kafin la'asar inji ya ɗauke cak, igiya ta ƙi jawuwa. Da aka buɗe, fistin duk ya karce. Sati uku ina zaune, kuɗin gyara ya cinye ladan aikin har da ciko. Baƙin man mota ko na babur ba na wannan injin ba ne, haka man injin kwale-kwale. Ka duba roba, ka tabbata na inji mai haɗin mai ne wanda iska ke sanyaya shi.

Mai Sabon Inji: Subhanallah. Fetur ɗin 'yan bumburutu fa? Gidan mai ya yi mana nisa.

Ɗan Ringim: Ranar kasuwa ka je da jarka gidan mai. Na kwalba ba ka san abin da aka zuba masa ba. Kuma kada ka haɗa wanda zai wuce wata guda a ajiye, lalacewa yake yi.

Na Gaya: Kun tsaya kan fetur kun manta sarƙa. Sabuwar sarƙa saki take yi, a ranar farko duk bayan 'yan yanka ka kashe ka duba ta. In ka ɗaure ta da zafi, to ka sassauta bayan an tashi aiki, don in ta huce tsukewa take, tana jan ƙarfen inji. Duk zuba fetur ka cika tankin man sarƙa. Kada ka sa mata tsohon baƙin mai da aka juye daga mota, yana kashe famfon.

Baba Mai Katako: Ka fara da mangwaro ko turare. Kirya da marke ka bari sai kun saba, kai da shi.

Bakanike Birnin Kudu: Ga hunturu ya shigo, matatar iska kullum da yamma ka kaɗe ta. In ka gama doguwar yanka kada ka kashe nan take, bar shi a sulo ya ɗan huce. Ka kuma matsa kamar taku huɗu daga inda ka zuba mai kafin ka ja igiya.

Na Gaya: Ka nemi izinin malaman daji tukuna, kada sabon inji ya kwana a ofis.

Mai Sabon Inji: Na gode ƙwarai. Gobe Lahadi zan shiga Birnin Kudu, Oga, in zo da robar man da aka haɗo ni da ita ka duba mini.

Bakanike Birnin Kudu: Ka zo da injin ma, in ga lambar jikinsa.