Neman shawara: ina so in cire fankar katin girafik ɗina, zai jure zafin Kano?

Mai Karatun Littafi, Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wata matsala ce ta hana ni sakat, nake roƙon masana su duba min.

Sana'ata naɗar murya ce. Ina karanta littattafan Hausa da izinin marubutansu ina ɗorawa a YouTube, wani lokaci kuma a kawo min aikin tallan rediyo. Ɗakin aikin nawa shago ne a jikin gidanmu, na bi bangonsa da soso. Kwamfutar tebur nake amfani da ita, da katin girafik GTX 1060 mai giga 6, na hannu na saya, da shi nake haɗa bidiyo. To fankoki biyun da ke jikinsa su ne damuwata. Da na kunna makirfo sai ka ji wani huuu a ƙarƙashin muryata, ɗaya daga cikinsu ma har kar-kar-kar take yi. In na goge ƙarar da manhaja sai muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, masu saurare har sun fara ƙorafi.

Na ga a waje ana kwance fankar gaba ɗaya, a ɗaura wa katin ƙaton ƙarfen sanyaya, ya yi ta aiki shiru babu abin da ke juyawa. Abin da nake son yi ke nan. Zai yiwu da wannan katin nawa? Me zan saya? Akwai wanda ya taɓa yi a nan Kano? Ba ni da esi, kuma lokacin naɗa dole in kashe fankar sama in rufe ƙofa da taga.

Ɗan Kurna:

Wa alaikumus salam. Malam kafin komai, ka tabbata daga katin ƙarar take? Fawa fak ma da fanka a cikinsa, furosesa ma da tata. Buɗe murfin gefe ka kasa kunne tukuna.

Mai Karatun Littafi, Gwammaja:

Na buɗe na saurara ɗan uwa. Ta furosesa ana jin ta kaɗan, amma mai kar-kar ɗin ta katin ce, har girgizarta ake gani da ido.

Kawu Mai Gyara, Titin Beirut:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'ar. Zan gaya maka gaskiya tun ba ka kashe kuɗinka ba: wannan katin, a wannan ɗakin, ba fanka ko ɗaya, ba zai yi ba.

GTX 1060 wat 120 yake ja in yana cikakken aiki, kuma duk wutar da ya ja zafi take komawa. Zafin nan dole ya bar katin ya shiga iska. Katunan da kamfanoni suka fitar babu fanka, duba su ka gani, duk ƙanana ne wajen cin wuta. GT 1030 wat 30 ne. Kamfanin Palit yana da jerin da yake kira KalmX, a ciki akwai GTX 1050 Ti da GTX 1650, kowanne wat 75, sai RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024, shi kuma wat 70. Da a ce abin ya yi sauƙi sama da haka, da tuni sun cika kasuwa da manyan katuna marasa fanka, don masu so suna nan da yawa.

Sai maganar ɗaki, wadda ita ce mutanenmu suke mantawa in sun kalli bidiyon waje. Ƙarfen sanyaya ba ya ƙirƙirar sanyi, iyakarsa ya riƙe katin a wata tazara sama da zafin iskar da ke kewaye da shi. Mutumin da ya yi gwajinsa a ɗaki mai digiri 22 ya ga katinsa ya tsaya a 80, in ka ɗauko kwamfutar nan tasa ka ajiye a shagonka cikin Afrilu, rufe da ƙofa, soso ya kewaye bango, ɗakin yana 37 ko 38, to lissafin ya kai 95 ko 96. Shi kuwa 1060 tun daga 83 yake fara rage gudun kansa don ya tsira, iyakar da Nvidia ta sa masa 94 ne. Mu da muke ganin rana ta wuce 40 kafin saukar damina, ba ma cikin lissafin waɗancan bidiyoyin.

Kuma kada ka ce za ka cire fankar kawai ka bar ƙarfen da ya zo da shi. Dubi zara-zaran alminiyom ɗin da kyau, za ka ga a matse suke da juna, an yi su ne don a tura musu iska da ƙarfi. Na marasa fanka warwatse ake yin su, da fili a tsakani, don iska mai zafi ta tashi sama da kanta. A akwatin kwamfuta na tsaye ma ƙarfen ƙasa yake kallo, allon katin ya rufe shi ta sama, zafin ya rasa ta inda zai bi.

Abin da ya fi kawo min katuna a mace shi ne wannan: mutum ya sanyaya babban cif ɗin tsakiya ya manta da na gefe. Akwai cif-cif na memori kewaye da shi, akwai kuma jerin ƙananan baƙaƙe masu daidaita wuta a jikin allon katin. Iskar fankar nan ita ke bi ta kansu. A yawancin irin waɗannan katuna manhaja ba ta nuna maka zafinsu, sai dai ka ga lambar zafin babban cif tana da kyau, ka saki jiki, rana ɗaya ka ji ƙauri. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ɗalibin Injiniya, Kabuga:

Kawu ya gama magana a kan haɗarin, Allah ya ƙara girma. Ni abin da zan ƙara kyauta ne, ko sukundireba ba sai ka taɓa ba.

Sauke MSI Afterburner, yana aiki da katin kowane kamfani. Abu na farko, duba ko katinka yana yarda fanka ta tsaya cak. Wasu nau'o'in 1060 suna kashe fankarsu da kansu in zafi bai kai wajen digiri 60 ba, wasu kuma an ɗaure su ba sa sauka ƙasa da wani gudu. Naɗar murya ba ta sa katin girafik aikin kirki, kusan a zaune yake yana nuna hoton allo kawai. In naka mai tsayawa ne, ka saita masa layin fanka, wato layin da ke tsara gudunta gwargwadon zafi, ta yi shiru lokacin naɗa, ta tashi lokacin da kake fitar da bidiyo, lokacin da makirfo yake kashe.

Na biyu, rage masa boltej. Danna Ctrl da F a cikin manhajar, taswirar gudu da boltej za ta buɗe. Katin yana kaiwa wajen 1.05 in an bar shi yadda ya zo. Ka tsayar da shi a 0.9 ka miƙar da layin daga nan. Cin wuta yana tafiya ne da boltej sau kansa, don haka wannan 'yar ragin kan sauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zafin, gudun kuma da ƙyar za ka ji bambanci. In hoto ya fara tsalle ko manhaja ta rufe kanta, ka ɗan ƙara sama. Ba ya lalata komai, don ragewa kake yi ba ƙarawa ba. Ga mai inbata ko sola ma riba biyu ce.

Alhaji na Fagge:

Ni dai ban yarda a ce masa ba zai yiwu ba kwata-kwata. Ina da 1050 Ti da na mayar marar fanka, kuma yana nan yana aiki. Na yi odar ƙarfen Arctic Accelero, na manna wa memori da masu daidaita wuta ƙananan ƙarafuna, na rage masa wuta. Yaro yana da sha'awar abu, a nuna masa hanya.

Kawu Mai Gyara, Titin Beirut:

Ranka ya daɗe, ban musa maka ba. Amma naka wat 75 ne, ko wayar wuta ta daban da yawansu ba sa buƙata, ramin madabod ya ishe su. Faɗa masa kuma, akwai esi a ɗakin? Akwatin yana da fanka?

Alhaji na Fagge:

Akwai esi a ofis ɗin, da fanka ɗaya babba a gaban akwatin tana hura shi a hankali. Gaskiya in an ɗauke wuta muka koma inbata ba esi, ba na ba shi aiki mai nauyi. To a wannan ɗakin nasa na yarda da kai. Amma in har zai canza kati, ina jan kunnensa a kan GT 1030. Mutane na ruɗuwa da shi don ba ya ƙara kuma da araha, alhali ba shi da sashen matse bidiyo da ake kira NVENC, wanda 1060 ɗinsa yake da shi. Ga mai fitar da bidiyo kullum koma baya ne. Kuma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba, sunansu kuma ɗaya ne a jikin kwali.

Anti Mai Tallan Rediyo:

Ƙanina, ni ma da murya nake cin abinci, bari in faɗi tawa ta ɓangaren sauti. Ku maza duk kun duƙufa cikin akwatin, ni kuwa cewa zan yi a fitar da akwatin daga ɗakin. Tawa a soro take, an huda bango an zura waya, allo da madannai da makirfo kaɗai ne a wajena. Wayar HDMI mai mita biyar tana aiki lafiya, USB ma yana kaiwa mita biyar, in ya wuce haka sai ka nemi mai ƙara ƙarfi. Kwamfutar ta samu iska, kai ka samu shiru, zafinta ma ya daina dafa ka a rufaffen ɗaki.

Sannan wane irin makirfo ne da kai? In kondensa ne, komai yake kwasa, har motsin kujera. Dainamik shi ya fi dacewa da irin ɗakunanmu, ka matso da bakinka kusa da shi kamar faɗin yatsu huɗu, ka rage masa ƙarfin ɗauka, ka juya bayansa wajen kwamfutar. Yawan goge ƙara da manhaja shi ke cinye daɗin murya, kuma mai sauraron littafi muryar ya zo ji.

Ɗan Kurna:

Maganar Anti abin dubawa ce. Sai dai a soro ƙura za ta fi samunta, musamman da hunturu. A ɗora ta kan benci kada a ajiye a ƙasa, a sa raga a inda iska ke shiga.

Mai Karatun Littafi, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, kondensa ne kuwa. Fitar da ita waje zai yi min wuya yanzu, bayan shagon ɗakin mahaifiyata ne, gaba kuma titi. Na gwada abin da ɗalibinmu ya ce, fankar katin ta ƙi sauka ƙasa da wani gudu ko na ja layin ƙasa. Boltej ɗin dai ya karɓa, zafin ya sauka sosai. Kawu, tunda cirewa gaba ɗaya ba za ta yi ba, mene ne mafita a kan mai kar-kar ɗin?

Kawu Mai Gyara, Titin Beirut:

Yawwa, yanzu muka zo wajen aiki. Kar-kar ɗin boris ne ya ci, ƙurar hunturu ta shiga ta shanye mansa. Ɗiga masa mai yana ɗan lafar da shi, ba ya warkewa. Abin da nake yi wa masu sutudiyo shi ne a cire ƙananan fankokin a sa manya masu juyawa a hankali.

Kashe kwamfutar, zare wayar bango, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa katin. Kwance murfin robar da fankokin suke ciki, sukurorinsa ƙanana ne a gefe, ka zare 'yar wayarsu a hankali, da farce ba da fizga ba. Ƙarfen sanyayar ka bar shi, shi muke so. Hure shi da bulowa a waje, za ka ga ƙura ta yi kirtani a tsakanin zara-zaran. Tunda katin na hannu ne, kwance sukurori huɗun bayan cif ɗin, ka goge tsohon fes, wato man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, da auduga da sifirit, ka sa sabo kamar Arctic MX-4. Lallausan faifan da ke kan memori in ya yage ka sa wani mai kauri ɗaya da shi, don in ya fi kauri zai ɗaga ƙarfen daga kan cif, in ya gaza kuma ba zai taɓa ba. Wajen ɗaurewa ka bi sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan, cif ɗin tsirara yake, yana tsagewa. Bututan jan ƙarfen nan kada ka lanƙwasa su, kada ka huda, ruwa ne kaɗan a rufe a ciki, shi ke ɗaukar zafin.

Sai ka samo fanka mai milimita 120, biyu in katin dogo ne, mai waya huɗu don a iya saita gudunta. Arctic P12 tana da sauƙin kuɗi, Noctua ta fi shiru amma da tsada. Ka tambaya a nan Beirut ko Farm Centre, in babu a yi maka oda, kuma a kunna maka ita ka saurara kafin ka biya. Ɗaure su a jikin ƙarfen da kebul tai, iskar tana hura cikin zara-zaran, ɗaya ta rufe wajen masu daidaita wuta. Ka jona su a madabod, ka sa manhajar Fan Control, kyauta ce, ka ce mata ta bi zafin katin. A juyi 600 zuwa 700 a minti, sai ka kai kunne jikin akwatin kafin ka ji su. Ka lura katin zai ƙara kauri, ka auna filin da ke ƙarƙashinsa tun kafin ka saya.

In ka gama, gwajin ka yi shi da azahar, ƙofa a rufe yadda kake naɗa, ba da daddare ba. Fitar da bidiyo mai tsawo kana kallon zafin a manhajar GPU-Z. In ya zauna ƙasa da 80 ka bar shi haka, in ya haura ka ƙara wa fankokin gudu a saman layin kawai. Turo min hoton katin gaba da baya kafin ka kwance komai, in ga inda sukurorin murfin suke.