Cibiyoyin Community Action a Amurka: suna tsayar da talaka da ƙafarsa ko lallaɓa shi kawai suke yi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: cibiyoyin Community Action, masu taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi a unguwanni, lallaɓa talaka kawai suke yi. Tun 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haifar da cibiyoyin nan da sunan yaƙi da talauci. An haura shekara 60, cibiyoyin sun kai kusan dubu, amma layin karɓar abinci bai yanke ba. Da suna tsayar da mutum da ƙafarsa, ai da wasu sun rufe saboda rashin masu zuwa.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, layin yana nan, amma fuskokin cikinsa suna sauyawa. Ni na taɓa tsayawa a ciki. Maigidan yana tuƙin tasi da dare, ni ina gida da yara biyu, don kuɗin raino ya fi abin da zan samo in na fita aiki. Da na je cibiyar unguwarmu, matar ta zaunar da ni da takarda da biro: nawa ke shigowa, nawa ne haya, me kika iya yi? Ta sa Sadiq a Head Start, shirin gwamnati na karatun yaran talakawa kafin firamare, ta rubuta ni ajin Turanci, daga baya na yi kwas ɗin kula da tsofaffi a gida. Lokacin sanyi kuma suka cike mana takardar tallafin kuɗin ɗumama gida. Yau da albashina nake biyan rabin haya.

Baban Khalifa: Allah Ya ƙara buɗi, Maman Sadiq. Amma ke mace ce mai himma, ko babu su da kin fita.

Maman Sadiq: Da wa zan bar wa yaran?

Malam: Bari in shigo da alƙaluma. A 1964 kashi 19 cikin ɗari na Amurkawa ke ƙasa da ma'aunin talauci, zuwa 1973 ya sauko kashi 11.1. Sai dai adalci shi ne kada a jingina wa cibiyoyin duka wannan. Tattalin arziki yana bunƙasa a lokacin, an kuma ƙara kuɗin fanshon tsofaffi sosai.

Baban Khalifa: Yauwa Malam. Kuma shi Head Start ɗin, binciken da gwamnati ta sa aka yi da kanta, wanda rahotonsa ya fito a 2012, ya nuna fifikon da yaran suka samu ya ɓace kafin su gama aji uku.

Malam: Haka ne, a makin jarrabawa. Amma wani mai bincike, David Deming, a 2009 ya kwatanta yara 'yan ɗaki ɗaya, wanda ya shiga shirin da wanda bai shiga ba, ya ga waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare. Sannan makin yaro ba ya nuna maka uwar da ta samu damar fita neman na kanta.

Hajiya: Ku yi haƙuri, 'ya'yana, duk kun tsallake inda gizo ke saƙar. Matsalar tana wajen fita daga tallafin. Dokar asusun da ke riƙe da cibiyoyin ta tsayar da iyakar kuɗin shigar da in mutum ya haura ba za a taimaka masa ba, sauran tallafi kamar katin abinci da na raino kowanne da tasa iyakar. Na ga yarinya da idona, an yi mata ƙarin albashi ɗan kaɗan, sai tallafin rainonta ya yanke, abin da ta rasa ya fi abin da aka ƙara mata. Ta koma tana roƙon a rage mata awannin aiki. Wannan ba lalaci ba ne, lissafi ta yi don 'ya'yanta su ci abinci. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Baban Khalifa: To ai maganata ke nan, Hajiya.

Hajiya: A'a, ɗana. Kai cibiyar ka ɗora wa laifi, alhali majalisa da jihohi ne ke yanka iyakokin. Ma'aikaciyar cibiya ba ta da ikon ɗaga su, iyakarta ta zauna da ke ta nuna miki inda ramin yake kafin ki faɗa.

Malam: Akwai kuma abin da mutanenmu ba su cika sani ba. Doka ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwamitin gudanarwar kowace cibiya wakilan masu ƙaramin ƙarfi ne, kashi ɗaya zaɓaɓɓun jami'ai, ragowar daga 'yan kasuwa, ƙungiyoyin addini da makamantansu. Tun farko an yi rigima kan bai wa talaka wannan murya. Magadan gari irin su Richard Daley na Chicago sun ƙi, har a 1967 majalisa ta ƙara wa hukumomin gari iko a kan cibiyoyin. A 1981, zamanin Shugaba Reagan, aka mayar da kuɗin ya riƙa bi ta hannun jihohi. Kujerun talakawa dai suna nan.

Baban Khalifa: Har yanzu ban gamsu cewa kujera a kwamiti za ta taɓa iyakar da Hajiya ta faɗa ba. Amma Malam, yaya ake hawa kujerar?

Malam: Zaɓe ake yi a tsakanin mutanen unguwar da cibiyar ke yi wa aiki, kowace cibiya da tsarinta. Ka je ofishinsu ka tambayi yaushe wa'adin wakilan yanzu zai ƙare.

Maman Sadiq: In ka tsaya, ka fara da maganar raino na masu aikin dare. Matanmu da yawa a nan suke maƙalewa.