recv() a cikin C yana daskarar da sauran zaren Python

Ɗan_Kurmi: Assalamu alaikum. Ina da ɗan modul na C da Python ke kira, a cikinsa recv() ke jiran saƙo daga soket (kafar da shiri ke aikawa da karɓar saƙo ta hanyar sadarwa). Muddin saƙon bai iso ba, sauran zaren shirin (threads, wato sassansa da ke aiki kafaɗa da kafaɗa) sai su tsaya cak, har mai buga lokaci a allo. Da socket.recv na Python kuwa lafiya lau. Ina gizo ke saƙar?

Malam_Habu: Wa alaikumus salam. Makullin GIL ka riƙe ka shiga jira da shi. A CPython, wato Python da aka saba amfani da shi, zare ɗaya ne ke aiki da mai fassara (interpreter) a lokaci guda, shi ne wanda ke riƙe da wannan makullin. Wanda ke layi yakan nemi a sakar masa bayan milisakan 5, amma tsakanin umarnin Python ake amsa wannan roƙon, kai kuwa ka maƙale cikin recv(). Sa Py_BEGIN_ALLOW_THREADS kafin kiran don ka saki makullin, Py_END_ALLOW_THREADS bayansa don ka sake karɓarsa. Tsakanin biyun kada ka taɓa komai na Python, ko Py_INCREF. In cikin bytearray kake zuba bayanan, riƙe shi da PyObject_GetBuffer tukuna, don kada wani zare ya canja girmansa kana tsakiyar rubutu.

Yaya_Binta: Malam ya yi daidai, sai dai kada ka bar recv() ya yi jira marar iyaka. Mayar da soket ɗin O_NONBLOCK, don recv() ya dawo nan take ko babu saƙo, ka jira da poll(), mai sa ido kan isowar saƙo, ka ba shi wa'adi, misali milisakan 500. Ka guji select(): a Linux in lambar fayil (lambar da ake bai wa soket ko fayil da aka buɗe) ta kai 1024, ta wuce iyakar select(), wato FD_SETSIZE. Kuma poll() na iya cewa akwai saƙo, recv() ya dawo da EAGAIN (wato babu komai tukuna), kamar fakitin UDP da aka yar saboda ya lalace. Ka koma jira kawai.

In ka ga EINTR (wato sigina ta katse jiran), karɓi makullin GIL, kira PyErr_CheckSignals(), in ya dawo da -1 ka fita da kuskuren. In ba haka ba, Ctrl-C ba zai yi aiki ba.

Ɗan_Kurmi: Na gode ƙwarai. To in ina son tsayar da mai jiran daga wani zare, close() ya isa?

Yaya_Binta: A'a, ƙanena. A Linux close() ba ya tada wanda ke cikin poll(), kuma ana iya bai wa wani fayil lambar soket ɗin nan take. Yi amfani da shutdown(), ko ka haɗa eventfd (ɗan fayil na Linux don tada mai jira) cikin abin da poll() ke sa wa ido, ka rubuta masa 1 daga ɗaya zaren. Bayan zaren ya fita sannan ka rufe.