Dattijo mai ritaya ko matashin da ya gama bautar ƙasa: wa zan ba makullin sito?

Mai Kayan Gini, Kawo:
Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan gini da ma'aikata bakwai, kuma ina neman wanda zai riƙe mini sito da littafin lissafi. Mutum biyu ne a gabana. Na farko dattijo ne mai shekara 61, akawu ne da ya yi ritaya bara, rubutunsa tsaf, sai dai bai saba da kwamfuta ba, kuma ya ce bayan La'asar zai riƙa tashi. Na biyu ɗan shekara 26 ne, ya iya kwamfuta, ya kuma yarda ya kai Magariba. Albashin mutum ɗaya kawai zan iya biya. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aiki da dattawa su gaya mini gaskiya, shin shekaru suna gyara aikin mutum ne, ko kuwa kunyar manya ce take sa mu faɗi haka?

Malamar Firamare, Malali:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Shekarata 57, kuma aikin da nake gamawa yanzu kafin Azahar ya fi wanda nake yi yini guda lokacin ƙuruciya, duk da gwiwa ta fara ciwo. A da duk abin da aka miƙo mini sai na karɓa don kada a ce na yi ƙiwuya, in kwashi littattafan yara zuwa gida, in dawo da su washegari ban duba ko ɗaya ba. Yanzu na san aikin da ba ya jira da wanda zai iya kwana, na iya cewa a'a cikin ladabi, kuma gulmar ofishin malamai ba ta cinye mini lokaci. Ai ba a banza gwamnatin tarayya ta yi doka a 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki ba, alhali sauran ma'aikata suna nan a kan 60 ko 35.

Ɗan Rigasa:
Alhaji, ka ɗauki dukansu biyu mana, dattijo ya riƙe makulli, yaro ya riƙe kwamfuta.

Tsohon Masaƙi, Kakuri:
Ɗana, tambayarka ta fama mini tsohon miki. Na fi shekara ashirin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, har ta kai da kunne nake gane injin da zai tsinka zare tun bai tsinka ba, kuma yaran da na koyar ba su ƙirguwa. Da masaƙun suka durƙushe, aka sallame mu da takarda da alƙawari. Na je neman aiki a wani kamfanin ruwan leda ina da shekara 53, manajan, wanda a haife na haife shi, ya dubi furfurata ya ce, "Baba, gadi kawai muke da shi." Na karɓa saboda iyali. Wata rana injin liƙe leda ya tsaya, yaran suka yi ta kiran makaniki a waya tun safe ruwa yana zuba, ni kuwa daga bakin ƙofa na ji cewa bel ne ya saki. Na roƙi sufana, na ɗaure shi, injin ya tashi. Ladar da na samu ita ce takardar gargaɗi, wai na bar wurin gadi. Bayan wata biyu aka ce an rage ma'aikata, kuma ni kaɗai ragin ya shafa. Abokan aikina da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu, matansu suna nan a Kakuri da Nasarawa suna sayar da ƙosai.

Hajiyar Barnawa:
Allah ya saka maka, Baba. Mahaifina ma haka aka yi masa, har ya rasu fayil ɗinsa yana ƙarƙashin matashinsa. Alhaji, ka ɗauki dattijon ka ba shi dubu sittin, tunda yana da fansho zai yi godiya.

Akawu, Unguwar Sarki:
Hajiya, dubu sittin ba albashin akawu ba ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, Jihar Kaduna kuma ta amince da 72,000. Ni ban san mai riƙe sito na kirki da zai zauna a ƙasa da dubu ɗari da ashirin ba.

Mai Walda, Panteka:
Malam Akawu, dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, Alhaji kuwa bakwai gare shi. Mai lissafina dubu arba'in da biyar nake ba shi da abincin rana, kuma bai taɓa kuka ba.

Injiniya, Tudun Wada:
Da girmamawa, iyayena, duk masu yabon dattijon nan tsararsa ne, wato kanku kuke yabo. Alhaji ya ce mutumin bai iya kwamfuta ba, ba wanda ya tanka, alhali yawancin cinikin yau ta taransifa da POS ake yinsa. Labarin Baba ya taɓa ni, amma labarin injin ne, sito daban.

Malamar Firamare, Malali:
Ɗana, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ana koyon POS a mako guda, amma gane direban da ya sauke buhun siminti 98 ya rubuta 100 yana bukatar wanda aka taɓa cuta. Ka taɓa riƙe sito kuwa?

Injiniya, Tudun Wada:
Ban taɓa ba, Mama, amma ke ma alli kike riƙewa.

Ɗan Rigasa:
Ni dai na shaida dattawa ba sa makara, domin barci ne yake korarsu tun kafin kiran Assalatu. Kawuna yana riga kowa zuwa shago, sannan ya ɓata awa guda yana neman tabarau da ke kan goshinsa.

Akawu, Unguwar Sarki:
Hajiya, maganar cewa yana da fansho ita ce ta tsaya mini a rai. An kawo tsarin adashen fansho a 2004, tun da aka gyara shi a 2014 kuma, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Yayana ya yi ritaya, da ya je duba asusunsa sai ya tarar an yi ta cirewa ba a zuba ba, yau shekara biyu ke nan ana ce masa ya dawo.

Mai Kayan Gini, Kawo:
Na gode ƙwarai, amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan tashi bayan La'asar, kuma motocin siminti da yamma suke iso mini.

Tsohon Masaƙi, Kakuri:
Malam Akawu, yayanka ya ma yi sa'a yana da asusun da zai duba. Wace takarda aka ce ya kawo a zuwansa na ƙarshe? Mu an taɓa tara mu a rana tun safe don tantancewa, da Azahar ta yi aka ce hotunanmu sun tsufa, mu je mu sake ɗauka.