Banki sun riƙe mani asusu, wai sai na kawo takardar SCUML

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar banki ku taimaka mani da shawara, yau kwana tara ban yi barcin kirki ba. Ni dilan motoci ne nan cikin Sakkwato, 'yan Kwatano nika saidawa, ina da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, tun 2019, ta sunan kasuwanci ce ba kamfani ba, kuma da ita na buɗe asusun kasuwa. Kwanan baya wani Alhaji daga Ƙonni ya sayi mota hannuna miliyan 14, ya canzo sefarshi Illela ya taho mani da naira tsaba cikin buhu, munka zauna ƙarƙashin rumfa ni da yarana biyu muna ƙirga tun azahar har anka kira la'asar. Washegari na kai banki, sunka amsa, alat ya shigo lafiya lau. Bayan kwana biyu na tashi in tura ma wanda ke sayo mani kaya, tiransifa ta ƙi tafiya, na ɗauka matsalar natwok ce. Da na isa banki yarinyar da ke teburin kwastoma ta duba kwamfuta ta ce an sa ma asusun PND, kuɗi na iya shiga amma ba su fita. Wai in kawo satifiket ɗin SCUML, in kawo shaidar inda kuɗin sunka fito, kuma wai rajistata ta CAC na nuna ba ta aiki. Wani yaro mai kafe ya ce in ba shi dubu 70 shi fiddo mani SCUML ɗin. To mi ne ne SCUML ɗin nan? Na ji an ce na EFCC ne, kama ni za a yi ko mi? Ni dai ban ci haram ba wallahi.

Abu Mai Albasa:

Wa alaikumus salam. Allah shi fidda kai Alhaji. Amma kai ma ka yi ganganci, wa ke kwasar miliyan 14 shi dire ma banki gaba ɗaya? Mu nan Kara in kuɗi sunka yi yawa rarraba su muke, uku ga mai POS wanga, biyu ga wancan, saura asusun ƙanena, kowa shi turo kaɗan kaɗan, babu mai tambayarka komi.

Malam Akanta:

Abu, don girman Allah ka daina ba mutane wannan shawara, ramin da ka nuna mashi ya fi wanda yake ciki zurfi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ambaci abin nan da kanshi, wato mutum ya daddatsa ciniki ɗaya gida-gida don kada a kai rahoto, laifi ne mai zaman kanshi. Kuma kwamfutar banki ba ta barci, in ta ga miliyan uku, biyu, huɗu suna shigowa rana ɗaya daga masu POS daban-daban ita ce ma ke fara ɗaga tuta. Gara wanda ya kai kuɗinshi a dunƙule da rasit a hannu.

Ɗan Mabera, kwantar da hankalinka, ga yadda abin yake. Dokar nan ta ce kada mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai dai ta hanyar banki. Ka ga miliyan 14 ta tsallake duka biyun, tun a rumfa kuskuren ya faru ba a banki ba. Abin da ya kamata shi ne ka ɗauki Alhajin a mota ku je banki tare, ya zuba da sunanshi da katinshi, ko ya yi maka tiransifa. Su kuma banki dole ne su kai rahoton irin wannan shigar kuɗi ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, cikin kwana bakwai, ba don sun tsane ka ba, in ba su kai ba su za a ci tara. Kuma ko ka rantse masu da Alƙur'ani ba za su faɗa maka ko sun rubuta rahoton zargi a kanka ba, doka ta hana su faɗi, saboda haka kada ka je kana yi ma yarinyar mutane faɗa.

SCUML kuwa wani sashe ne ƙarƙashin EFCC, aikinshi sa ido kan sana'o'in da ba banki ba ne amma manyan kuɗi na ratsawa ta cikinsu: dilolin motoci, masu zinari da gwala-gwalai, dillalan filaye da gidaje, otal-otal, 'yan kwangilar gini, ƙungiyoyi masu zaman kansu da sauransu. Kai kana cikin jerin tun ranar da ka fara sai da mota, kawai dai da ba a matsa ba ne. Lokacin da aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ke sa ma ido a watan Fabrairun 2023 aka ƙara ɗaure ma bankuna wuya, su kuma suka ɗaure ma kwastomomi. Yin rajistar ba kamu ba ne, kuma kyauta ne, ko kwabo ba a biya. A intanet ake cika fom, a ɗora satifiket ɗin CAC, lambar haraji TIN, BVN da bayanin asusun banki. In za ka ba mai kafe ladan buga maka da data wannan tsakaninku ne, amma dubu 70 ba kuɗin gwamnati ba ne. Kuma ka tsaya a kanshi ya sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba nashi ba, na ga wanda ya rasa hanyar shiga bayananshi saboda yaron da ya yi mashi ya tafi bautar ƙasa da layin.

Sai maganar CAC. Mutanenmu da yawa sun ɗauka in an karɓi satifiket an manna shi a bango shi ke nan har abada. Akwai bayanin shekara-shekara da ake shigarwa, ga mai sunan kasuwanci kafin ƙarshen Yuni kowace shekara, ban da shekarar da aka yi rajistar. In ba ka yi ba suna juya sunanka ya koma marar aiki a shafinsu, kowa na iya dubawa ya gani, tara kuma na taruwa. Ka fara da wannan, don da takardun CAC ɗin za ka nemi sauran.

Hajiya Gawon Nama:

Sannu ƙanena, Allah shi kawo mafita. Ni sarƙa da 'yan kunne na zinari nike saidawa cikin gida, irin wanga abu ya same ni bara ana gab da biki, kayan lefen mutane na hannuna kuɗi sun maƙale, sai da na ranci na yayata. Abin da ya cece ni wani tsohon littafi mai bangon kwali da ɗiyata ke rubuta mani ciniki, kwanan wata, sunan mai saye, giram nawa, nawa ta biya. Shi na ɗauka na kai ma manaja da rasitan da na sayo kayan, ya buɗa yana dubawa yana gyaɗa kai. Tun daga nan duk wadda ta sayi abu mai nauyi sai na ɗauki hoton katinta, wasu su yi fushi wai ban yarda da su ba, har wata aminiyata ta ce ashe zumunci ya koma sai da NIN, na ce mata ba ni na ce ba, doka ce. Kuma ka raba asusun gida da na kasuwa, ni da komi wuri guda nike zubawa, adashi, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, ranar da anka ce in yi bayani ni kaina na kasa gane wane ne wane.

Malam Akanta:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma katin nan ba ƙa'idar banki ba ce kawai. Doka ta ce irin sana'arku kafin cinikin tsaba da ya wuce dala 1,000 ko kwatankwacinta a naira sai an tantance mai saye an rubuta, a kuma adana takardun aƙalla shekara biyar. A harkar mota wace mota ce ba ta wuce haka ba? Ko akwala. Abu kuma, ƙanen nan naka da kake zuba kuɗi a asusunshi, ranar da kuɗin wani mai laifi ya biyo ta cikin naka BVN ɗinshi za a bi, shi za a fara kira.

Abu Mai Albasa:

To malam na ji, amma ku faɗa mani manomin Goronyo da ya kawo albasa mota guda ya ce shi tsaba yaka so, ba ya da asusu ba ya son alat, ya za ni yi da shi? Masu rubuta dokar nan ba su taɓa tsayawa kasuwa ranar da natwok ya ɗauke ba. Na dai daina sa yaron ciki, wannan kam ta shige ni.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri, Hajiya na gode. Mun duba shafin CAC da wani lauya ɗan unguwarmu, ashe tun da na yi rajistar ban taɓa shigar da komi ba, yanzu yana lissafa mani abin da ya taru. Na kira Alhajin Ƙonni ya turo hoton katinshi ta WhatsApp, da farko ya tsorata ya ce ko motar ta sata ce, sai da na yi ta ba shi haƙuri. Na haɗa takardar kwastan ta motar da yarjejeniyar ciniki da munka sa ma hannu, sa'a ta ban yar da ita ba, cikin aljihun wata mota na same ta duk ta sha mai. Mai kafe kuma da na ce mashi na ji kyauta ne sai ya ce to in kawo dubu biyar. Malam Akanta, in na cika fom ɗin SCUML na kai ma banki shaidar na nema, suna iya buɗe mani ko sai satifiket ya fito? Mutumina na Kwatano ya kira ni sau huɗu yau.